Teburin Karatun Yaro: Yadda Uwargida Za Ta Sa A Yi Shi Tana Cikin Ɗakinta

Gaisuwa ta musamman a yau ga masu saurarenmu na ƙasar Rano da Kibiya, wato mutanen Madachi da Rurum da Saji da Zurgu da Tarai da Durba, da duk ƙauyukan da ke kewaye da su.

Yau aikin kafinta za mu shiga. Na san wata za ta ce, to ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa, ina ni ina zarto da guduma? Kwantar da hankalinki, 'yar uwa. Zarto da guduma na kafinta ne. Amma awo, da zaɓen fasali, da tanadin kuɗi, da duba aiki in an kawo, duk waɗannan naki ne, kuma kina iya yin su kina zaune a ɗakinki. Abin da za mu sa a yi shi ne ɗan teburin karatu mai kantar ajiye littattafai, daidai jikin yaronki ko 'yarki.

Me ya kawo maganar tebur?

Bari in tambaye ki. In yaronki ya taso daga makaranta, ina yake ajiye jakarsa? A yawancin gidajenmu jefa ta ake yi kan gado, ko bayan ƙofa, ko gindin randa. Kafin magariba ƙaninsa mai rarrafe ya yage shafi biyu, akuya ta ci bango, ruwa ya jiƙa saura. In damina ce kuwa, gara ta ƙarasa aikin. Littafin nan kuma sai da maigida ya sayar da kwano biyu ko uku na hatsi kafin ya saye shi. Gobe da safe yaro na kuka, malam na jiransa da aikin gida.

Sai kuma zaman rubutun kansa. Yaro ya yi rub da ciki a kan tabarma, ya dogara da gwiwar hannu, wuya a tanƙware, ido dab da takarda. Minti kaɗan hannu ya sage, rubutu ya karkace, barci ya zo. Sai mu ce yaron malalaci ne, alhali zaman ne ya gajiyar da shi.

Kada ki ce ai yana zama kan benci a makaranta. A watan Yuni na shekarar 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano, ya faɗa da bakinsa cewa ɗalibai fiye da miliyan 4 ne ke zama a ƙasa suna ɗaukar darasi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun shekara 9 kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. To amma babu dokar da za ta shigo ɗakinki ta tanadar masa wurin zama. Wannan ya rage gare ki da mahaifinsa.

Akwai wani amfani da ba a cika lura da shi ba, musamman ga 'ya mace. Yarinyar da ke karatu a kan tabarma, kowa gani yake zaune take kawai: ke ɗauko min wuta, ke goya ƙaninki, ke kai wa Inna tuwo. Amma in aka gan ta a gaban teburinta, ko kakarta sai ta ce a bar ta, karatu take yi. Kin ga katako ya yi mata magana.

Mataki na farko: awo

Tebur kamar riga yake, sai an gwada mai shi. In ya yi tsawo, yaro zai ɗaga kafaɗu har su yi ciwo. In ya yi gajarta, zai duƙa. Ɗauko tef ɗinki na ɗinki. Gefe ɗaya inci ne, ɗaya gefen santimita. Da inci za mu yi aiki, domin da shi kafintocinmu suka saba.

Zaunar da yaron a kan wani abu mai tauri, yadda tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai, cinyarsa ta miƙe. Auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa. Wannan shi ne tsayin kujera. Yana zaune a hakan, ya saki kafaɗu, ya lanƙwasa hannu kamar zai yi rubutu. Auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunsa, ki ƙara inci 1. Wannan shi ne tsayin tebur.

Domin ki gwada awonki, ga abin da ma'aunin kujerun makaranta na ƙasashen Turai ya tsara, na mayar miki da shi inci:

Yaro mai tsayin inci 43 zuwa 47, kujera inci 12, tebur inci 21.
Mai tsayin inci 47 zuwa 55, kujera inci 14, tebur inci 23.
Mai tsayin inci 53 zuwa 62, kujera inci 15, tebur inci 25.
Mai tsayin inci 58 zuwa 69, kujera inci 17, tebur inci 28.

In ba ki da tef, ko lambobin na rikita ki, igiya ta isa. Yanko igiya biyu, ɗaya tsayin kujera, ɗaya tsayin tebur, ki ɗaura wa ta tebur ƙyalle don kada a haɗa su. Kafinta zai shimfiɗa su kan ma'auninsa ya karanta.

Yaro kuma girma yake yi kamar dawa a watan Agusta. Tun da tebur ya fi kujera tsada, ki sa a yi teburin a awo na gaba da nasa. Sai a ɗaga yaron da matashi a kan kujera, a sa masa bulo ko guntun katako ya riƙa takawa. Abin kiyayewa shi ne kada ƙafarsa ta riƙa reto a iska. Bayan shekara biyu sai a cire matashi da bulo, tebur na nan daram.

Mataki na biyu: fasali

Ga fasalin da nake ba ku shawara a kai, mai sauƙin yi ne, ba ya cin wuri. Saman tebur ya kasance tsawonsa ƙafa 3, wato inci 36, faɗinsa inci 22. Falankin da ake sayarwa mai faɗin inci 12, in an goge guda biyu an haɗa su, kusan wannan faɗin suke bayarwa.

A gefe ɗaya, ƙarƙashin teburin, a yi kanta mai hawa biyu, faɗinta inci 12. Ita ce za ta zama ƙafar wannan gefen, kin ga an rage katako. Nan za a jera manyan littattafai masu nauyi. Hawa ɗaya ya kai inci 12 a tsaye, domin doguwar takardar nan ta jarrabawa tsawonta ya kusa inci 12. Hawan ƙasa kuma kada ya zauna a kan daɓe, a ɗaga shi aƙalla inci 3, saboda ruwa da gara, kuma tsintsiya ta samu shiga. In teburin gajere ne, ɗaya hawan zai fito ƙarami, sai ya zama na littattafan rubutu a kwance. Abin da ya rage na wurin sa ƙafa kada ya gaza inci 20.

A saman teburin ta baya, a yi kanta guda ɗaya tak, tsayinta inci 12 daga tebur, zurfinta inci 7. Wannan ita ce mazaunin Alƙur'ani da littattafan Islamiyya, a sama, ba a ɗora musu komai, hannun ƙananan yara bai kai ba. A sa mata tokari a tsakiya, domin falanki mai kaurin inci 1 in ya wuce inci 30 ba madogari, nauyin littattafai na sa shi ya yi ciki a hankali. A gefen teburin a kafa maratayi biyu na katako, ɗaya na jaka, ɗaya na allo.

Durowa fa? Tana da kyau, amma tana ƙara kuɗi, kuma ita ce ke fara lalacewa. Gwangwanin madara da aka daddale bakinsa ya isa ajiye fensir da biro.

In kuma a gidanku an fi sabawa da zaman tabarma, ko ɗakin ba shi da fili, a yi ɗan gajeren tebur mai tsayin inci 10 zuwa 12, yaro ya harɗe ƙafa ya zura gwiwoyinsa ƙarƙashi. Kantar sai a yi ta daban. Wannan ba ya buƙatar kujera, an gama karatu a jingine shi.

Mataki na uku: katako

In an ce Madachi, kunne kan ji sunan itacen maɗaci, wannan mai ɓawo mai ɗaci da iyayenmu ke jiƙawa. Katakonsa ja ne, mai nauyi, mai ƙarko, yana kyau in an goge shi. To amma ya yi ƙaranci ƙwarai saboda yawan sara. A taron ƙasashen duniya da aka yi a Panama a watan Nuwamba na 2022, an sa maɗacin Afirka da itacen kawo cikin jerin itatuwan da ba a fitar da katakonsu ƙasashen waje sai da takardar izini. Saboda haka kada a kayar da maɗaci don teburin yaro. In akwai tsohon ƙyaure ko falankin gado na maɗaci da ke jingine a gida, yawwa, wannan ya fi sabo, domin ya gama bushewa tuntuni.

Yawancin katakon da ke hannun kafintocinmu daga kudu yake zuwa, a sauke shi a manyan kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa da ke kan titin Zariya a Kano. Ga waɗanda za ki ji ana ambata. Iroko yana da ƙarfi, gara ba ta cika cinsa ba, amma da tsada. Obece fari ne, ba nauyi, da araha, sai dai laushi gare shi, ƙwari na sonsa. Afara da malaina na tsaka-tsaki ne, suna isa wannan aiki in an kiyaye su daga ruwa. Darbejiyar nan tamu ma ana yanka ta falanki. Dangin maɗaci ce, ƙwari ba su cika damunta ba. Dabarar rage kuɗi ita ce a yi ƙafafu da katako mai ƙarfi, saman tebur da kanta a yi su da matsakaici.

Akwai filaiwud, wato katakon nan mai falle-falle da aka manne, wanda ake sayarwa ƙafa 4 a ƙafa 8. Mai kauri yana kyau a saman tebur, siririn kuma a rufe bayan kanta da shi. Amma ki guji wanda aka yi da garin katako aka matse aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Yana ɗaukar ido a shago, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya gyaruwa.

Babban sirrin kuwa shi ne bushewa. Katakon da ya zo daga kudu da ruwa a jikinsa yake zuwa. In aka yi aiki da shi ɗanye, da hunturu ya buso sai ya tsuke ta faɗinsa, haɗin ya buɗe, saman tebur ya tsage ko ya karkace. Busasshen katako ba ya sanyi a hannu, ya fi sauƙin ɗauka, in an ƙwanƙwasa shi yana amo. In ɗanye aka samu, a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, a bar shi makonni iska na ratsawa. Kada a shanya shi a rana, tsagewa zai yi. A kuma guji falankin da ke da ƙananan huji yana zubo gari, ƙwaro na ciki.

Mataki na huɗu: ciniki da kafinta

Kafintan da ke yin gado da kabad na amare a Rano ko Kibiya, wannan tebur ba zai gagare shi ba. Maigida ne zai je, ko ƙaninsa, ko babban ɗanki. Abin da ke ɓata irin wannan saƙo shi ne a tafi da shi a baki. Ki rubuta, ko ki sa yaron ya rubuta da hannunsa, takarda biyu iri ɗaya: awo, irin katako, kuɗi, da ranar karɓa. Ɗaya ta tafi, ɗaya ta zauna wurinki. A zana hoton teburin ko da bai yi kyau ba. In akwai babbar waya a gidan, kafinta na iya turo hoton katakon ta WhatsApp kafin ya yanka.

A ba da kafin alƙalami gwargwadon kuɗin katako, ladan aiki sai an kawo an duba. Ba zan faɗi farashi ba, domin kasuwa ba ta kwana wuri ɗaya, amma a tambayi kafinta biyu kafin a tsaya kan ɗaya. Ki lura da lokaci kuma. Bayan kaka bukukuwa ke yawa, kafintoci na fama da kayan ɗakin amare, ƙaramin aiki irin naki sai a yi ta ɗaga shi. Amma a lokacin ne guntayen katako ke taruwa a shago, kuma da su ana iya fitar da kanta da kujera a kan kuɗi kaɗan. Sai maigida ya tambaya.

Mataki na biyar: duba aiki

Ko da ba ke za ki haɗa ba, ya kamata ki san yadda ake haɗawa, don ki gane aikin kirki. Kafinta zai yanka katako bisa awo, ya goge shi. Zai haɗa ƙafafu da 'yan katakon da ke riƙe su ta sama. Haɗi mafi ƙarko shi ne a fafe gurbi a jikin ƙafa, a sassaƙe bakin ɗaya katakon ya shige ciki, kamar yadda ruwan fartanya ke shiga ƙota, sannan a sa gam irin su Top Bond. Haɗin da ƙusa kaɗai ke riƙe da shi, wata shida ya fara rawa. Saman tebur kuwa sukuru ya fi masa, wato ƙusa mai murɗawa, a ɗaure ta ƙasa. A ƙarshe a rufe bayan kanta da siririn filaiwud, shi ke hana ta karkacewa gefe.

In an kawo, a ajiye a zaure ko tsakar gida, ki yi waɗannan gwaje-gwaje kafin a cika kuɗi. Ɗora shi a wuri mai daidai ki girgiza, kada ya yi ɗingishi. Ɗauko igiya ki auna saman daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace, ki sake auna ɗaya ɓangaren. In tsawon ya zo ɗaya, teburin a miƙe yake. Shafa tsohon ƙyalle a ko'ina, har ƙarƙashi. Duk inda ya kama, akwai sartse ko bakin ƙusa. Kusurwoyi huɗun nan a sa a rage musu kaifi, domin daidai goshin mai tatata suke. Sannan ki zaunar da mai shi, ki ga cinyarsa na shiga ba ta gogar katako.

Gugar ƙarshe kina iya yinta da kanki. A sayo miki samfefa mai kaushi da mai laushi, ki naɗe ta a guntun katako, ki bi tsawon katakon, kada ki gitta. Ki sa yaron ya taya ki. Abin da ya sha wahala a kansa ba zai yi saurin zane shi da reza ba.

Abubuwa uku masu haɗari

Na farko, kifewa. Yaro ƙarami in ya ga kanta, tsani ya gani. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya janye akwatunan tufafi masu durowa har miliyan 29 a Amurka, bayan wasu sun kife kan yara sun yi ajalinsu. Shi ya sa na ce kantar sama ɗaya tak, masu nauyi kuma a ƙasa. In bangon siminti ne, a ɗaure bayan teburin da bango. In na ƙasa ne, ƙusa ba ta kama shi sosai, sai a bar kantar sama gajera kamar yadda muka faɗa, kada a ƙara mata hawa.

Na biyu, fenti. Mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a shekarar 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Wannan dalmar ana zuba ta a wasu fentin mai, kuma binciken da aka yi a kasuwannin Najeriya ya sha gano ta, musamman a ruwan ɗorawa da ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutar da yaro, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Yara kuwa suna gatsar bakin tebur, suna ɓantarar fenti su kai baki. Don haka a bar katakon da launinsa, a shafa masa man ƙyalli marar launi, a bar shi a waje cikin inuwa har warin ya fita. In tsohon katako ne mai tsohon fenti, kada a kankare shi a cikin gida inda yara ke wasa.

Na uku, maganin gara. Wasu na shafa baƙin man mota. Kada a yi wannan a abin da yaro zai dafa ya kuma ci abinci da hannun. In za a sa magani, kafinta ya sa a gindin ƙafafu kawai, tun a shagonsa. A gida kuwa, ki ɗora kowace ƙafa a kan fasasshen tayil ko faffaɗan dutse, ki bar tazarar tafin hannu tsakanin tebur da bangon ƙasa. Duk mako in kina shara ki leƙa baya. Da kin ga hanyar gara ta fara hawa, ki rushe ta. Rigakafi ya fi magani.

Ina za a ajiye shi?

Kusa da taga ko ƙofa, inda hasken rana ke shigowa, nesa da inda rufi ke yoyo, nesa da murhu. In yaron da dama yake rubutu, haske ya zo masa ta hagu, don kada inuwar hannunsa ta rufe rubutun. In bahago ne, ya zo ta dama. Da dare fitila mai caji ko mai aiki da hasken rana ta fi, domin fitilar ƙwai da kyandir ba sa zama lafiya da takarda. Tsakanin idonsa da littafi ya kai kamar kamun hannunsa. In kin ga kullum sai ya manna fuska a takarda ko da haske, a gaya wa mahaifinsa a kai shi asibiti a duba idon.

Doka ɗaya kuma, uwargida, da ke nake: tebur ba wurin jera kuloli ba ne, ba wurin yanka kuɓewa ba ne. Ranar da kika ɗora masa tukunya, ranar ya tashi daga na yaro.

Maganar kuɗi da zaman gida

Ki fara da shawartar maigida, a lokacin da ya ci ya huta. Ki lissafa masa littattafan da aka sake saye bara saboda lalacewa, lissafin zai yi miki rabin magana. In ya ɗauki katako, ke ki ɗauki ladan kafinta daga ribar ƙuli-ƙuli, ko kitso, ko ɗinkin hula, ko kwasar adashi. Zakara biyu da kika kiwata na iya rage hanya. Mu da muke shekaru muna tara wa 'ya mace kwanukan jere, ba za mu kasa tara mata na tebur ba.

In kuna da abokiyar zama, kada tebur ya zama sanadin faɗa. Ya fi kyau ku haɗa kai, a yi mai tsawon ƙafa 5 da benci, a ajiye a rumfa ko wurin da kowa ke iya zuwa, kowane yaro da gurbinsa a kanta. Maigida kuma ya yi adalci, 'ya'ya duk nasa ne. In yaran sun yi yawa, a raba musu lokaci: ƙanana bayan la'asar, manya bayan isha'i.

In kuma bana babu hali sam, kada ki ce shi ke nan. Bulo huɗu da falanki ɗaya tebur ne. Akwatin katako da aka kwantar ta gefe kanta ce. Ki goge, ki shimfiɗa takarda, ki ce wa yaron nan ne wurinka. In Allah ya hore, sai a kira kafinta. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba tun yana aji ɗaya cewa littafi na da mazauni, karatu na da lokaci, ba sai an bi shi da tsawa ba in ya girma.

Ke ma kina da rabo a ciki. In yara sun tafi makaranta, gida ya yi shiru, ja kujerar ki buɗe littafinki na Islamiyya ko na yaƙi da jahilci. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, har cikin gidajensu ta riƙa aika wa mata ilimi ta hannun jajis. Yaron da ya dawo ya tarar da mahaifiyarsa a kan littafi ya samu darasin da ya fi na aji.

To 'yan uwa, aikin wannan mako shi ne awo. Yau in yara sun dawo, ɗauko tef ko igiya ki auna su, ki ajiye awon, ki nemi lokacin magana da maigida. Wadda ta sa aka yi nata, ta aiko mana da labari, mu ji irin katakon da aka samu a garinsu da yadda aikin ya kasance, don wasu su ƙaru.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya sa su jiƙanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.